Mata Goma Sha Ɗaya a Allon Fiddausiya

Buza, 3 ga Satumba

Zuwa ga abokina Yosefu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya, ina aikin asibiti, yaya kuma ruwa a wajenku? Ka gaida mini Maman Jonatan, ka ce mata mai ɗakina Saude ba ta daina yabon yajin da ta aiko ba. Mu nan lafiya lau, gero ya soma fid da kai, sai godiya.

Na san za ka yi dariya ka ce Lurwanu ya tsufa, ga waya a aljihu yana rubuta wasiƙa kamar zamanin da muke ɗaki ɗaya a makarantar lise. Yi dariyarka. Akwai takardu uku cikin ambulan ɗin nan da na kwafe da hannuna, waya ba za ta kai maka su daidai ba. Akwai kuma maganar da sau biyu ina ɗaukar waya don in faɗa maka, ina sake ajiye ta.

Ɗalibata ta rasu, Yosefu. Sunanta Fiddausiya, ƴar wani ƙauye ce a gefen Tama, ajin tarminal, na ƙarshe a lise. Ta ci jarrabawar bak ɗinta a watan bakwai, ranar sha bakwai ga watan takwas kuma ƙorama ta tafi da ita a hanyar komawa gida. Sai washegari aka same ta. Shekara ashirin ina koyar da lissafi, ban taɓa samun kai irin nata ba, ban kuma taɓa faɗa mata haka ba.

Akwai kayanta a hannuna. Kalkilatiris ce, na'urar lissafi, babbar nan mai faffaɗan allo da ke zana layukan lissafi, wanta da ke ci-rani a Abijan ya aiko mata. A watan biyar na kama ta tana danne-danne ƙarƙashin tebur ina tsaka da darasi, na karɓe. Da na duba, ashe wasa ne, kuma ita ta rubuta shi da kanta, layi bayan layi, da waɗannan ƴan maɓallai. Mace ce ƴar ƙarama da dutse a ka, tana jera duwatsu a gangare kafin ruwa ya sauko daga saman allo, irin aikin da matan Keita suka yi a kan tuddai muna yara. Akwai gawo ɗaya a lungun hagu. In ka rufe layin duwatsu kafin ruwa ya iso, ka tsira. In ya riga ka, wasa ya ƙare.

Sa'ad da nake karɓa ta ce mini, muryarta ƙasa-ƙasa, akwai abin da ya lalace a allon, ta kasa gyarawa, ko zan duba mata. Na ce ni ba mai gyaran kayan wasa ba ne. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na ji daɗin dariyar.

Ga matsalar. In ka kunna wasan, kafin ka taɓa komai, akwai mata goma sha ɗaya tsaye a filin. Ba sa motsi, ba sa ɗaukar dutse, ruwa yana bi ta kansu ya wuce suna nan. Kamanninsu ɗaya da wadda kake wasa da ita, kamar inuwarta ce ta maƙale a gilashi. Na ƙara duhun allo, na rage, na sa sababbin pil, wato batir, na kashe na kunna, ko gezau. Na saka layin da ke share allo a farkon porogaram ɗin, sai su ɓace kamar ƙiftawar ido su dawo. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki, yanzu sun zama sha uku. Biyu sun ƙaru a hannuna, daidai wurin da ruwa ya cim mini, alhali na faɗi ya fi sau ɗari ba abin da ya tsaya.

Ranar ashirin da shida za a yi addu'ar arba'in. Dole in kai wa mahaifinta, Malam Mu'awiya, kayan ƴarsa, kuma ina so in kai ta a gyare kamar yadda ta roƙa. Ban je ta'aziyya ba har yau, na fake da zazzaɓi. Gaskiyar ita ce ina tsoron haɗa ido da mutumin nan fiye da yadda na taɓa tsoron wani abu.

Kai da kake farfaɗo da injunan asibitin mishan, ka duba mini takardun nan, duk layukan wasan ne. Ka ba Sufyanu shofer, mai mota, amsa, shi ya kawo maka wannan.

Naka har kullum,
Lurwanu

Buza, 12 ga Satumba

Baban Jonatan,

Ina yi maka sallama da fatan kowa lafiya a gida da wurin aiki. Amsarka ta iso jiya da hantsi, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ji Jonatan ya yi fama da masassara, Allah ya ƙara sauƙi, a dinga sa shi cikin gidan sauro ko yana kuka.

Har yanzu rubutunka kamar tafiyar kaza, amma na karanta. Ka ce layi na huɗu yana kiran wani hoto da ke ajiye cikin ƙwaƙwalwar na'urar, shi ya sa sharewata ba ta aiki: ina sharewa, shi yana sake shimfiɗa su. Ka ce can kusa da ƙarshe akwai layin da ke ƙara sabuwar mace cikin hoton. Wannan duk na gane. Inda muka rabu shi ne da ka ce abin bai yi maka kama da kuskure ba, in tambayi wanda ya taɓa ganin ta tana wasan, in kuma kawo maka na'urar ka kwafe komai a ordinater, kwamfutarka, kafin in taɓa. Haba Yosefu! Shekara ashirin da jan biro a hannuna, in na ga kuskure ina gane shi. Wa zai cika filin wasansa da gumaka da gangan? Ta manta ne ba ta goge ba, yadda yara ke manta alamar ragi. Zancen zuwa kuma, hanya ta lalace, kwana ya ƙure.

Ka kuma tambaye ni abin da na san za ka tambaya, tunda kai ba ka iya barin mutum ya huta ba: me ya sa kayan da aka karɓe a watan biyar suke hannuna har watan tara? To, saurara.

Dokar makarantarmu, abin da aka karɓe a aji ana mayar wa mai shi ranar da aka rufe shekara. Kowa na mayar masa da nasa, wayoyi, madubai, har da wata ƴar rediyo. Nata kaɗai na riƙe. Tun makon farko na soma buɗe wasan a ɓoye, na ga abin da yarinyar nan ta yi da na'urar da ni ban wuce zana layi da ita ba, raina ya ɓaci. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Na ƙudura sai na gyara abin da ta kasa, in miƙa mata ina ɗaga kai, ta san har yanzu akwai mushe, wato malami, a gabanta. Na kasa.

Da sakamako ya fito ta zo gidana, tana son kayanta don za ta jami'a. Na ce tana kulle a ofis, mai makulli ya yi tafiya, ta dawo wani lokaci. Tana cikin aljihun rigata sa'ad da nake wannan magana.

Ranar sha bakwai ta dawo. Ta iso kafin azahar, Saude ta shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta ba ta fura. Ni ina ɗaki da na'urar, ina ce wa kaina minti goma kawai, na kusa. Na ji kiran azahar, na ji na la'asar. Sau biyu Saude tana leƙowa tana cewa gabas ta yi baƙi, ka sallami ƴar mutane. Da na fito ban gyara komai ba, kunya ta hana ni miƙa ta haka, na ce ta dawo mako mai zuwa. Ba ta ɓata rai ba. Ta durƙusa ta yi godiya, ta hau babur ɗin kabu-kabu.

Ko ɗigo bai sauka a kansu ba, Yosefu. A kan tuddai aka yi ruwan. Da suka iso ƙorama mai moto ya ce ta sauka ta taka, shi ya tura, kamar yadda kowa ke yi. Yana kaiwa gaɓa ya ji ƙugin ruwan, ita kuwa tana tsakiyar ƙoramar. Waɗanda suka ƙetare da azahar ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba.

Ba wanda ya san wannan sai Saude, ita kuma tun ranar ba ta ƙara tayar da zancen ba, sai dai ta naɗe tabarmar nan ta ɗora kan rumbu. Yanzu kai ne na biyu.

Kullum da rana ina zuwa makaranta in zauna a ajin, tunda hutu ne ba kowa sai awaki a fili. Bencinta na uku ne ta wajen taga. Ina kunna na'urar, matan nan su fito su tsaya. Ba su da ido, ɗigo bakwai ne ko takwas kowace, amma wallahi ina jin suna jira na, irin jiran mai haƙuri da aka bari a zaure. Shekaranjiya rana tsaka na ji kamar an ja benci a bayana. Ban waiwaya ba, na tattara na fito.

Kada ka yi mini wa'azi, na san abin da littafinku ya ce, na san abin da namu ya ce. Ka dai sa ni a addu'a.

Abokinka,
Lurwanu

Buza, 20 ga Satumba

Yosefu ɗan'uwa,

Barka da war haka, ina fatan kuna lafiya, mai jiki kuma ya warware. Wannan gajeruwa ce, Sufyanu na tsaye a ƙofa yana danna mini odar mota.

An gama! Jiya bayan azahar na cire layi na huɗu, na cire na ƙarshen nan, sannan na shiga ƙwaƙwalwar na goge hoton kansa don kada ya sake samun hanyar dawowa. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Da na kunna, fili fes, gawo a lungunsa, mace ɗaya da dutsenta. Na yi wasa sau ashirin, na faɗi da gangan a kowane lungu, ba abin da ya tsaya. Aikin da ya gagare ni wata huɗu, bai ci minti biyar ba.

Na ga takardarka ta biyu, wadda ka ja layi biyu ƙarƙashin "kada ka goge". Ta iso bayan na gama. Ko da ta riga, ban ce zan ji ba, ka san halina.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Da suna nan ina tsoronsu, yanzu da ba su nan sai idona ya dinga zuwa wuraren da suke, don na haddace su sarai: uku a can sama kusa da juna, ɗaya a gindin gawo, ɗaya can ƙasa saura dutse guda ta rufe layi. Saude ta ce na rame, ta ce ina magana ni kaɗai a bakin randa.

Ranar ashirin da shida zan tafi. Na yanke shawara zan faɗa wa Malam Mu'awiya komai, zaman zauren da duka. In ya tsine mini, haƙƙinsa ne. Aƙalla zan sa masa kayan ƴarsa a hannu ba aibi.

A gaida Maman Jonatan da yara.

Naka,
Lurwanu

Buza, 28 ga Satumba

Zuwa ga Yosefu, abokin da ya fi ni gaskiya,

Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya dawo daga tafiya mai nisa, ko da yake tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya.

Na je. Na hau kabu-kabu da safe, da muka iso ƙoramar mai moto ya ce in sauka in taka. Yashi ne fari, busasshe, yara na tonon ruwa a gefe, wata tsohuwa ta shanya wanki a kan ƙaya. Taki sittin ne daga gaɓa zuwa gaɓa, na ƙidaya.

An yi addu'a a ƙofar gida, an raba gumba da goro, jama'a suka watse. Na tsaya sai da aka ragu, sannan na matsa na faɗi sunana. Malam Mu'awiya dogo ne siriri, manomin albasa, hannunsa kamar itace. Ina cewa ni ne Lurwanu sai ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ja ni zaure, ya sa aka kawo ruwa. Kafin in buɗe baki ya soma yi mini godiya. Ashe ba ta taɓa faɗa musu an karɓe na'urar ba. Abin da ta ce musu shi ne Mushe da kansa ya ga aikinta ya riƙe yana gyara mata, kuma Mushe ba ya ɓata lokacinsa a kan aikin banza. Ya ce duk ƙauyen sai da ta faɗa wa. Yosefu, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na fito da na'urar na miƙa masa. Ya juya ta, ya shafa, sai ya ɗaga murya ya kira mai ɗakinsa, Inna Fatsima. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta cikin gida, muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Ƴar Keita ce, ita ce ta ɗauki duwatsun nan tana budurwa, labarinta ne yarinyar ta mayar wasa. Ta ce in kunna mata. Na kunna, ina ma ɗan jin kaina, na miƙa.

Ta kai allon kusa da ido, ta nisanta shi, ta karkata shi wajen haske. Sannan ta ce, "Mushe, ina mutanen sunka tahi?"

Ban gane ba, ko in ce na ƙi in gane. Sai ta soma nuna wurare da ɗan yatsa a kan filin da ba kowa. Ta ce a hutun watan uku Fiddausiya ta zo da abin gida, kowa ya taɓa. In ruwa ya ci mutum, ya danna babban maɓallin nan, sai ya tsaya a wurin, don a san inda kowa ya kai. "Ta gindin gawo ni ta," in ji ta. "Ukkun nan na bisa Malam na, bai iya komi ba, muna ta yi mai dariya." Sauran ƙannenta ne da wata gwaggonta. Ta can ƙasa, wadda saura dutse guda, ita ce Fiddausiya, ranar da za ta koma makaranta. Kwana arba'in matar nan tana jiran a kawo na'urar don ta ga inda ƴarta ta tsaya.

Biyun da suka ƙaru a hannuna, yatsana ne ya faɗa kan maɓallin ban sani ba. Abin da ya lalace, wanda ta roƙe ni in duba, ruwan ne: in yana saukowa allon yana ƙyafƙyafta, yana sa wa uwar ciwon ido, shi ne ta yi mata alkawarin Mushe zai gyara. Na ga ƙyafƙyaftawar nan tun ran farko, na ɗauka haka na'urar take. Tambaya ɗaya da na yi wa yarinyar a watan biyar da ta ishe ni.

Na faɗa musu. Na soma da cewa ni na goge su da hannuna, an ma hana ni ban ji ba. Da bakina ya buɗe kuma bai tsaya ba, na faɗi karɓewar, da dariyar aji, da ƙaryar makulli, da zaman zaure daga azahar zuwa la'asar, da abin da ke cikin aljihuna. Ban ɗaga kai ba sai da na kai ƙarshe. Ba wanda ya yi kuka. Wata akuya ta shigo, Malam ya kore ta da hannu, ya koma ya zauna.

Don in cike shirun na ce na haddace wurin kowace, zan iya sake zana su ɗaya bayan ɗaya, ba mai bambancewa. Inna Fatsima ta girgiza kai. Ta ce, "A'a, Mushe. Waɗanga naka za su zama." Ta ajiye na'urar a kan tabarma a hankali, ta tashi ta shige ciki.

Mun daɗe zaune ni da shi. Na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama. Ya ce kwananta ne ya ƙare, wannan ya sani, ba ya jayayya da Mai Sama. Amma ya ce kada in nemi ya ce mini ba komai, don akwai komai, kuma yau ba zai iya cewa ya yafe ba, ba ya son ya yi mini ƙarya a ranar addu'ar ƴarsa. Sannan ya ɗauki na'urar ya sa mini a hannu. Ya ce, "Ka tahi da ita ka gyara abin da tac ce ka gyara. Ta yi ma uwatta alkawali da sunanka. In ka ƙare kada ka aiko, ka kawo da kanka."

Ya raka ni har bakin ƙorama. Bai ba ni hannu ba, amma ya tsaya a gaɓa yana duban tuddai sai da na haye.

Na mayar da layukan nan biyu jiya, daga kwafin da na rage. Babban maɓallin yana aiki kamar da, sai dai filin ba kowa, ni kuma ba zan danna shi ba. Ƙyafƙyaftawar ruwan na zauna da ita yini guda, ban san ta inda zan soma ba. Ban iya ba, Yosefu. Ban taɓa rubuta wa wani mahaluki wannan kalma ba, ga ta na rubuta maka. Ranar Asabar ina tafe da motar Sufyanu, ka ba ni kujera a gefen teburinka ka koya mini, ko zai ɗauki mako nawa. Akwai matar da ke jira, kuma na riga na san abin da barin mutum yana jira yake jawowa.

Ka gaida Maman Jonatan, ka ce kada ta wahalar da kanta da girki. Saude na gaishe ku.

Ni ne abokinka,
Lurwanu